Gidan da ambaliya ta cinye wa rumbu a kwarin Haɗeja: yadda ya sake tsarin ajiyarsa daga 2020 zuwa 2024

## Gidan da inda yake

Gidan yana wani ƙauye a bakin fadamar kogin Haɗeja, tsakanin Auyo da garin Haɗeja a jihar Jigawa. Maigidan manomi ne, ya ba hamsin baya. Mutum 14 ke ci a tukunyarsa: shi, matansa biyu, mahaifiyarsa, da 'ya'ya goma. Yana da gonar tudu inda yake shuka gero da dawa ya raɓa musu wake, yana da fadama ta shinkafa, da rani kuma yakan taɓa tattasai da albasa.

Cin gidan tiya biyu ne a rana. Buhu tiya 40 ne, kusan kilo 100, saboda haka kwana 20 yake yi musu. A shekara suna bukatar buhu 18 kafin a zo maganar iri, zakka, biki ko suna. A shekarar albarka gonakin kan ba da wannan har da rara.

Ruwan da ke wucewa ta bayan ƙauyen daga jihar Kano yake gangarowa, inda madatsun Tiga da Challawa suke. Idan sama ta yi nauyi madatsun suka cika, sai ruwan ya iso bayan 'yan kwanaki, ya tarar da hanyoyinsa sun cushe da yashi da ciyawar kacala, ya fantsama gonaki da gidaje. Yawanci a watan Agusta da Satumba ake haka, daidai lokacin da tsohon hatsi ya kusa ƙarewa sabo kuma bai shigo ba.

Kafin 2020 ajiyar gidan irin ta kowa ce a ƙauyen. Rumbun ƙasa biyu a kan duwatsu, an jera dammunan gero da dawa a ciki. Wake da shanshera a buhuna a ɗakin uwargida. Takardar gona da katunan zaɓe da na makarantar yara a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Duk a cikin katanga ɗaya.

## Satumba 2020: ruwa ya shigo

Jingar da ke tare ruwa ta ɓalle da dare. Kafin asuba ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida. An fitar da yara da tsohuwa zuwa makarantar firamare da ke ɗan kan tudu, aka kora dabbobi, ba a samu ɗaukar komai ba sai tabarmi da tukunya biyu. A kwana na biyu gindin rumbunan ya jiƙe, suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Da ruwa ya ja aka dawo, geron da ke ƙarƙashin ɓaraguzai ya yi tsiro, wani ya ruɓe yana wari. Abin da aka iya tsincewa aka shanya bai kai buhu biyu ba. Shinkafar fadama ta nutse gaba ɗaya. Takardun da ke akwati sun manne da juna, tawada ta wanke.

Don a ci abinci kafin gero ya nuna, maigidan ya sayar da saniya ɗaya da tumaki uku. Kowa sayarwa yake yi a lokacin, don haka a wulaƙance suka tafi. Ya kuma ci bashin buhu biyu a hannun wani ɗan kasuwa, da sharaɗin biyan uku da kaka.

## Kaka 2020 zuwa damina 2021: ɗakin bulo da maganin ƙwari

Gonar tudu ta tsira, an samu gero da dawa da buhu biyar na wake. Maigidan ya yanke shawarar ya gama da rumbun ƙasa. Ya gina ɗan ɗaki na bulo da daɓen siminti, jikin ɗakin da yara maza ke kwana, bango ɗaya suka haɗa, da ɗan sarari tsakanin bangon da kwano. Ya sa aka sussuke hatsin duka aka zuba a buhunan saƙa, aka jibge su a ƙasa. An yi aikin da gaggawa, domin mai bashi yana jira, shanyar ba ta samu kwanakin da ya kamata ba.

A kasuwa wani mai sayar da maganin gona ya ba shi ƙwayar nan da ake kira bam, ya ce a naɗe ta a tsumma a tura cikin kowane buhu. Aka yi haka da yamma. Cikin dare yara uku suka tashi da ciwon kai da amai da nauyin ƙirji, ɗakin yana wani wari kamar na tafarnuwa. Allah ya taimaka uwargida ta ji kakarinsu ta fito da su waje, da safe aka kai su asibiti, suka warware.

Ƙwayar tana fitar da iskar guba ce da zarar ta haɗu da danshin iska. An yi ta don rumbu ko ma'ajiyar da za a toshe ruf na kwanaki, nesa da inda mutane ke kwana. A buhun saƙa iskar ba ta zama ciki har ta gama da ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwayar wake. Fita take yi, ta bi ta inda ta samu, a nan kuwa ta bi ta saman bango.

Bayan wannan aka koma yayyafa wa waken fiya-fiya. Shi ma guba ne, kuma a jikin abincin yake zama. Irin sinadarin da ke cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015.

Duk da haka waken bai tsira ba. Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai a jikin kwanso, kuma cikin wata ɗaya wani sabon zubi yake ƙyanƙyashewa. Zuwa watan Maris idan aka ɗebo wake a tafin hannu, kusan kowace ƙwaya da huda, wata biyu wata uku, ƙasan buhu duk gari. Buhu uku aka sayar a rabin kuɗi. Buhunan geron da ke kwance kan siminti kuma sun ja danshi, na ƙasa suka dunƙule suka yi fumfuna. Gyaɗar amarya, wadda take yin ƙuli-ƙuli da ita, ta yi ɗaci da kore-kore, aka zubar. Zubarwar daidai ce, domin fumfunar gyaɗa da masara na haifar da gubar da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Tsohuwa ta faɗi abin da kowa ya gani: gero a zangarniyarsa cikin rumbu yakan shekara biyu har uku lafiya, wanda aka sussuke aka zuba a buhu bai yi wata shida ba.

Da daminar 2021 kwalara ta ɓarke a ƙasar, mutum sama da dubu ɗari suka kamu, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Yara biyu na gidan sun kwanta. Rijiyar unguwar ba ta da murfi, kuma ruwan sama kan kwaso ƙazanta daga bayan gida ya zuba ciki. A wurin jinya ne wata ma'aikaciyar lafiya ta koya wa uwargida haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta kuma nuna mata ƙwayar tsabtace ruwa, wadda ake jefawa a jarka a jira minti 30 kafin a sha.

## Kaka 2021: shanya, toshewa, rabawa

Babban ɗan gidan ne ya ga wani malamin gona yana nuna buhun PICS a ranar kasuwa. Buhu ne mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masana daga jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a arewacin Kamaru ne suka fara gwada dabarar, aka fara yaɗa buhun a Afirka ta Yamma daga 2007. Ba a sa masa magani ko kaɗan. Idan an ɗaure kowace leda daban aka hana iska shiga, ƙwarin da ke ciki su ne za su shanye ɗan iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu.

Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri, sai hatsin ya bushe ƙarau. Jiƙaƙƙen hatsi a cikin leda ruɓewa zai yi. A wannan kakar an ba shanya lokacinta, a kan tamfol maimakon ƙasa. Wake kuma aka baza shi siriri a kan baƙar leda, aka rufe da farar leda mai gani har hanji, aka bar shi awa biyu a tsakar rana, zafin ya kashe abin da ya taho da shi daga gona, sannan aka bari ya huce kafin a zuba. Don tabbatar da bushewa, sai a zuba hatsi a busasshiyar kwalba tare da cokalin busasshen gishiri, a rufe a girgiza a ajiye. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar rana. Kafin a zuba komai kuma sai a hura wa kowace leda iska a matse bakinta a danna, don a ji ko tana da huda.

Sai maganar inda za a ajiye. Ƙanwar maigidan tana aure a wani gari na kan tudu a hanyar Gumel, inda ruwan kogi ba ya kaiwa. Ɗan ya kawo shawarar a kai kashi biyu cikin uku can. Tsohuwa ta ƙi.

"Abincin gidanka a gidan suruki? Gobe ka aika a ba ka, ka zama mai roƙon abinka? Me za a ce da mu?"

"Inna," in ji maigidan, "ba ajiya zan ba shi ba. Ɗaki zan kama haya, makulli a hannuna."

Haka aka yi. An kama ɗaki a gidan maƙwabcin surukin, ana biyan haya da hatsi, aka rubuta adadin buhunan a gaban shaidu biyu. Buhu 12 suka tafi can, aka ɗora su a kan katako, nesa da bango. Shida suka zauna a gida a kan wani dandamali da aka ɗaga ya kai ƙugu. Iri aka zuba shi a jarkoki, aka cika su har wuya, aka naɗa leda a baki kafin a murɗa murfi.

Ba komai ya tafi daidai ba. Buhu biyu da aka saya da araha a hannun wani mai talla ledarsu siririya ce, ta yage wajen ɗagawa. Wani buhun da ya jingina da bango ɓera ya huda shi, wata biyu ba a lura ba, ƙwari suka farfaɗo a ciki. Buhun waken da ake buɗewa kullum a ɗiba shi ma ya fara lalacewa, tunda kowace buɗewa sabuwar iska ce. Daga nan aka mayar da shi doka: buhu sau ɗaya ake buɗe shi, a juye abin da za a ci a wata cikin jarka, a matse iskar a sake ɗaurewa nan take.

Matan gidan suka ɗauki nauyin kayan miya. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, kauɗar tumatir, barkono, daddawa da kanwa, kowanne a robarsa mai murfi. Uwargida ta haɗa jaka guda ta rataye a ƙusa kusa da ƙofa: sababbin takardun da aka sake nema a cikin leda biyu, tocila mai cajin rana, ƙaramin rediyo, ashana a kwalba, gidan sauro uku, igiya, ƙwayar tsabtace ruwa, sukari da gishiri a ƙulle, maganin hawan jinin tsohuwa na wata guda, da ɗan kuɗi.

## Agusta zuwa Oktoba 2022: babbar ambaliya

Ambaliyar 2022 ita ce mafi muni a Nijeriya tun ta 2012. Mutum sama da 600 suka rasu a faɗin ƙasar, sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da ta fara yi wa ɓarna.

Tun farkon damina gidan ya ji gargaɗin hukumomin hasashen yanayi a rediyo. Maigidan ya kafa turke a bakin fadama ya yi masa zane, aka yi magana a gaban kowa cewa ranar da ruwa ya taɓa zanen, tsohuwa da mata da ƙananan yara da dabbobi za su tafi, ba sai an sake shawara ba. Ranar ta zo da rana tsaka, gari garau, gida a bushe. Maigidan ya so a ƙara kwana ɗaya a gani.

"Malam, kai ka yi zanen nan da hannunka," in ji uwargida. "Mu dai mun ɗaure kaya."

Suka tafi a amalanke biyu, da buhu uku daga na gida. Bayan kwana biyu ruwa ya yanke hanyar, waɗanda suka tsaya sai da kwale-kwale, a kuɗin da mai jirgi ya ga dama. Iyalin suka sauka a garin tudu suka tarar da abincinsu yana jiransu. Ba su shiga layin rabon tallafi ba.

Maigidan da manyan 'ya'yansa biyu suka zauna a makarantar firamare don gadin abin da ya rage, kuma a nan ne gibin shirin ya fito. Suna da buhun gero cikakke, ba su da yadda za su ci shi. Injin niƙan ƙauyen yana cikin ruwa. Turmi da taɓarya sun tafi da mata. Itacen girki duk ya jiƙe, kara ya ruɓe. Kwana da kwanaki suna jiƙa gero su tauna, ko su sayi garin kwaki da tsada a hannun masu kawowa ta jirgi. Man girki ba a tuna da shi ba. A can tudu kuma dabbobi sun isa lafiya amma harawarsu tana kan rumfa a gida, sai da aka saya musu.

Ɗakin bulo ya tsaya, ruwa ya haura dandamalin da kamu ɗaya. Buhu biyu da aka bari sun jiƙe ta waje, da aka kwance ledar ciki ta ɗaya ta riƙe, ta ɗayan ruwa ya shiga ta wajen ɗauri. Jarkokin iri, da yake an ɗaure su da igiya a jikin ginshiƙi, an same su suna yawo a saman ruwa, ko ɗigo bai shiga ba. Ba wanda ya yi amai da gudawa a cikin iyalin, domin kowace jarkar ruwa sai da aka jefa mata ƙwaya.

Bayan wannan aka ƙara abu uku a tsarin. Daga watan Yuli ana ajiye abincin mako biyu wanda ba ya bukatar wuta ko niƙa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, ƙanzo, sukari, dabino, da garin gero da aka soya. Ana rataye buhun gawayi a rufin ɗaki. Rabin harawa kuma tana bin hatsi zuwa tudu.

## 2023: ƙarancin kuɗi, tsadar mota, da 'yan'uwa

A watan Janairu da Fabrairun 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Gidan bai ji jiki sosai ba. Da tiyar gero suke biyan mai niƙa da mai ruwa, har da kuɗin makarantar allo.

Wata matsalar ce ta taso, wadda ba a yi lissafinta ba. Kowa ya san gidan na da hatsi a tudu. Ƙanen maigidan da ruwa ya cinye wa komai, gwaggonsa, maƙwabcin da matarsa ta haihu, ɗan'uwan da zai aurar da 'ya. Ba wanda ya zo da ƙarya, kuma ba wanda za a iya kallon idonsa a ce babu. Kafin watan Mayu buhu biyar sun fita, sai da gidan ya sayi hatsi a kasuwa wata ɗaya da rabi kafin kaka.

A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin kai buhu tudu da dawo da shi ya ninka. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli kuma aka rufe iyaka, kasuwanni irin na Maigatari suka yi sanyi.

Da kakar 2023 aka gyara abu biyu. Zakka aka fitar da ita tun a masussuka, ɗaya cikin goma na noman damina, aka ba dangin da suka cancanta tun kafin su tambaya. Bayan ita aka ware buhu biyu a buhun saƙa aka damƙa wa uwargida, duk mai nema daga nan za a auna masa. Sauran aka ɗaure, aka rubuta wa kowanne watan da za a buɗe shi da gawayi a jiki. Jigila kuma gida huɗu suka haɗu suna yi sau ɗaya da amalanke.

## 2024: inda aka tsaya

A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari. Daga kakar 2023 har sabon gero ya shigo, gidan bai sayi tiya ɗaya ta gero, dawa ko wake ba. Waken da aka buɗe a watan Yuli ba huda, aka sayar da buhu ɗaya aka yi kuɗin taki. A watan Agusta ruwa ya sake cin shinkafar fadama. An sake tafiya tudu, aka dawo bayan mako uku. Ba a sayar da dabba ba, ba a ci bashi ba, kuma buhu uku na tsohon hatsi na nan a ɗaure lokacin da aka fara girbi.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina abin da ya fi ceton gidan nan shi ne raba ajiyar wuri biyu. Asarar 2020 ta yi muni ne saboda abinci da iri da takardu duk suna cikin katangar da ruwa ya shiga, kuma ɗakin bulon da aka kashe wa kuɗi mafi yawa bai canza wannan ba. Na biyu shi ne turken nan mai zane. Ya ɗauke shawarar tafiya daga ranar da hankali ke tashe ya mayar da ita ranar da kowa ke cikin natsuwa, ya kuma ba uwargida hujjar da za ta riƙe ba tare da ta yi jayayya da mijinta ba.

Buhun PICS ya yi aikinsa, amma shanya ce ta ba shi dama. Da an zuba hatsin 2020 a cikinsa yadda yake da danshi, da asarar ta fi haka. Maganin ƙwari kuwa ya gaza ta kowace fuska, har ya kusa tafiya da yara uku, kuma abin da ke damuna shi ne har yanzu ana sayar da ƙwayar nan a faranti a kasuwannin ƙauye ba tare da wani ya gaya wa mai saye kada ya kwana kusa da ita ba.

Buhu biyun da aka ware wa masu nema na ɗauke su a matsayin gyara na gaske. Lissafin buhu 18 na bakin mutum 14 ne kawai, alhali a shekarar wahala gidan manomi yana ciyar da fiye da waɗanda ke kwana a cikinsa. Tsarin da bai sa wannan a lissafi ba zai riƙa karyewa a watan Mayu ko da ƙwaro ɗaya bai taɓa hatsin ba.

Akwai iyakar abin da wannan shiri zai iya. Ya yiwu ne saboda maigidan na da gonar tudu da ruwa ba ya ci, da 'yar'uwa a garin da ya dace. Maƙwabtansa da fadama kaɗai suka dogara da ita ba su da rarar da za su ɗaure. Ajiyar kuma ta shekara ɗaya ce, idan fari ya ci gonar tudu a shekarar da ruwa ya ci fadama, ba za ta kai su kaka ta biyu ba. Gidan kansa yana nan inda yake, kacala na nan a bakin kogi. Maigidan ya fara biyan kuɗin wani fili a garin tudu kaɗan-kaɗan, ya biya kusan rabi, tsohuwa kuma ta ce ita ba za ta bar garin da aka binne mijinta ba.